Tabarma, saƙi da luru a cikin renda: ka sauke, ka ɗauka da kanka, ko ka saƙa da lissafi?

Ɗalibin zanen gine-gine a Samaru ta Zariya zai kwana yana gyara ginshiƙi da taga da silin, falo ya fito tsaf, amma idan aka zo kan kujera da labule da abin shimfiɗa sai ya lulluɓe su da duk hoton da ya fara cin karo da shi a intanet. Haka mai tsara ɗakin taron biki a Sabon Gari, haka mai zana wa tela riga a kwamfuta kafin a yanka yadi. Ana gama renda, wato kwamfuta ta fitar da hoton ƙarshe na zanen, sai mai kallo ya ji wani abu bai zauna ba, ko da bai san sunansa ba. Sau da yawa matsalar a saƙa take: ko zaren ya yi kauri fiye da ƙima, ko tabo guda yana maimaituwa a jere, ko kuma ɗakin na Bazazzagi ne amma yadin da ke ciki na wata ƙasa ne mai sanyi.

Abin da ake lulluɓa jikin kujera ko tabarma da shi a manhajojin zane irin su Blender, SketchUp, Lumion ko Twinmotion shi ne tekscha. Ana son ta zama marar gaɓa, wato idan aka jera hoton kusa da kansa, gefen dama ya haɗu da na hagu, sama ta haɗu da ƙasa, ba tare da ido ya ga inda aka haɗa ba. Kuma tekscha mai kyau ba hoto ɗaya ba ce, hotuna ne da yawa, kowanne ana ce masa taswira. Akwai taswirar launi, wadda ba a so a ga inuwa ko haske a cikinta. Akwai taswirar kaushi da ke gaya wa manhaja inda zai yi sheƙi da inda ba zai yi ba. Akwai taswirar nomal, mai launin shuɗi da ruwan hoda, wadda ke sa haske ya faɗi kamar zare na hawa kan zare alhali fuskar a shafe take. Wani lokaci a ƙara ta tsayi da ke ɗaga fuskar da gaske, da ta huji don abin da haske ke ratsawa, irin asabari da zana.

Hanyoyin samun wannan uku ne, kuma kowacce na da inda ta fi ƙarfi.

Saukewa daga intanet ita ce mafi sauƙi. Shafukan Poly Haven da ambientCG suna bayar da nasu kyauta a ƙarƙashin lasisin CC0, ma'ana za ka iya amfani da su har a aikin da aka biya ka, ba sai ka nemi izini ko ka ambaci sunan kowa ba. Poliigon na kuɗi ne. Rumbun Megascans na kamfanin Quixel, wanda Epic Games ya saya a 2019, ya koma kasuwar Fab a 2024. Duk waɗannan suna zuwa da taswirorinsu cikakku, an riga an cire haske, an gwada gaɓa. Idan abin da kake buƙata lilin ne na labule, ko yadin kujerar ofis, ko kafet mai launi ɗaya, ko saƙar gora ta bayan kujera, ban ga dalilin da zai sa ka wahalar da kanka ba. Sauke, ka wuce. Waɗannan kayayyaki ne da ake yi a masana'anta, na kasuwar Sabon Gari da na Turai duk saƙa ɗaya ce.

Abu biyu ne zan ja kunne a kansu. Na farko girma. Shafukan nan za su nuna maka 1K, 2K, 4K, 8K, zuciya kuma ta ce ka ɗauki babba. Hoton 4K fiksel 4096 ne sau 4096, sama da miliyan 16. Komai ƙanƙantar fayil ɗin a kan faifai, idan manhaja ta buɗe shi yana iya cin megabait 64 na ƙwaƙwalwa. Taswira biyar sun zama 320 ke nan, a kan yadi guda. Na 8K ninki huɗu ne, 256 kowace taswira. Wanda katin hotonsa, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hoto, gigabait 4 ne, kamar yawancin kwamfutocin hannu na ɗalibai, zai cika shi da kujera da labule da kafet kafin a zo kan bango, sai renda ta tsaya ko ta yi ta jan ƙafa har wuta ta ɗauke. Alhali idan hoton ƙarshe 1920 ne sau 1080, kujerar kuma tana can ƙuryar ɗaki, 1K ko 2K sun wadatar, ga sauƙin data. Na biyu, kada ka ɗauki hoton yadi daga Google ko Pinterest ka ce ka samu tekscha. Yana da mai shi, hasken wurin da aka ɗauke shi ya riga ya manne a jikinsa, kuma ba shi da sauran taswirori.

Inda saukewa ta gaza shi ne namu. Ka bincika waɗannan rumbuna, da wuya ka ga tabarmar kaba mai ja da kore da ruwan ɗorawa, ko faifai, ko gwado, ko luru, ko saƙi mai ɗigo-ɗigo irin jikin zabo, ko tsamiya da launinta na ƙasa-ƙasa. Sai ka ga mutum ya zana zaure mai daurin guga, ya yi wa bango ado irin na cikin birni, sannan ya shimfiɗa tabarmar Japan a ƙasa don ita ya samu. Wannan yana damuna, domin aikin da ya yi a kan ginin yana cewa abu ɗaya, shimfiɗar tana cewa wani. A Zariya, garin da ya shahara da ɗinkin babbar riga, inda aska takwas da aska biyu ba baƙin kowa ba ne, kuma Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen da ake koyar da zanen yadi da saƙa, bai kamata a ce kayan saƙarmu ne suka fi wuyar samu a kwamfuta ba.

Shi ya sa hanya ta biyu, ɗaukar hoton abin da kanka, ita ce nake ganin ta fi cancanta mutum ya ba ta lokacinsa. Kayan aikin ba su da yawa: waya mai kyamara mai kyau ko sikana, abin awo, da manhajar gyaran hoto irin GIMP ko Krita ko Photoshop.

Tsakanin waya da sikana, idan yadin siriri ne mai kwanciya, sikana ta fi. Sikanar A4 a kan 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, tana ba da kusan fiksel 4960 sau 7016, hoto a miƙe, babu karkata, haske kuma daidai daga gefe zuwa gefe. Irin wadda ke shagunan buga takardu na kusa da jami'a ma ta isa, ka dai roƙi mai shagon ya kashe gyaran launi na kai-tsaye, ya ajiye maka a PNG ko TIFF. Ka goge yadin tukuna, don lanƙwasa guda za ta bi ka ko'ina. Tabarma, zana, faifai da luru mai kauri kuwa ba za su kwanta a kan gilashi ba, sai waya. A nan haske ne komai. Kada ka ɗauka a tsakar rana, domin kowane zare zai jefa inuwarsa, inuwar ta shiga taswirar launi, daga baya idan ka sa fitila ta wani ɓangare a cikin renda sai inuwa biyu su yi karo. Ka nemi inuwar bango ko baranda, ko ranar da hadari ya rufe, ko safiyar hunturu da hazo ya tausasa rana. Ka tsayar da wayar daidai saman abin, ka ɗan ja baya ka yi amfani da kyamarar da ke kusanto da abu idan wayar na da ita, saboda babbar kyamara tana lanƙwasa layuka a gefe. Ka ajiye abin awo da farar takarda a gefen hoton, ɗaya don girma, ɗaya don gyara launi.

Cire gaɓa a saƙa ya bambanta da cire ta a yashi ko siminti, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. GIMP na da umarnin Tile Seamless da ke yin aikin da dannawa ɗaya, ta hanyar narkar da hoton a kan kansa. Ga yashi yana da kyau. Ga saƙa yana haifar da wurare masu dishi-dishi inda zare biyu suka hau juna ba su daidaita ba. Saƙa tana da ƙa'ida: zaren tsaye, zaren kwance, da adadin da zanen ke ɗauka kafin ya sake farawa. Don haka sai ka fara miƙe hoton har zaren tsaye ya tsaya cak, na kwance ya kwanta sambal. Sannan ka ƙirga. Idan ratsin ya tafi fari, baƙi, fari, shuɗi ya sake komawa, ka yanka daidai inda zagaye ya cika, kada ka bar rabi. Bayan haka ka yi amfani da umarnin Offset ka turo gefuna zuwa tsakiya, gaɓar za ta fito a matsayin gicciye, ka bi ta a hankali kana kwafo zare daga kusa kana ɗorawa. Krita na da yanayin da ke nuna hoton a jere yana maimaituwa yayin da kake gyara, kuma don wannan aikin kaɗai ya isa a sa shi a kwamfuta. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya haske, ka daidaita kafin komai, in ba haka ba za ka ga tabarmarka ta yi dara-dara daga nesa.

Akwai wani abu game da saƙar hannu ta ƙasar Hausa da ya kamata a kiyaye. Masaƙi ba ya saƙa faffaɗan yadi. Ƙwarya yake saƙawa, doguwa siririya, sannan a jera ƙore a ɗinke gefe da gefe. Turkuɗin Kura ƙwaryarsa siririya ce ƙwarai, ta luru ta fi faɗi nesa. Wannan ɗinkin da ke tsakanin ƙwarya da ƙwarya gaɓa ce ta gaskiya, kuma ita ce ke sa ido ya gane saƙi ne ba yadin kanti ba. Wanda ya zauna ya goge ta da sunan yana yin tekscha marar gaɓa ya ɓata abin. Gaɓar hoto ake ɓoyewa, ta masaƙi a bar ta. Abin da ya dace shi ne ka ɗauki ƙwarya uku ko huɗu a hoto ɗaya, ka yanka a tsakiyar ɗinki ko tsakiyar ƙwarya a ɓangarorin biyu. Kuma tun da ratsin wannan ƙwarya ba ya cika haɗuwa daidai da na maƙwabciyarta, ka bar wannan ɗan saɓanin yadda yake. Abawa ma kaurinta ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe, kada ka daidaita ta.

Raunin wannan hanya shi ne sauran taswirori. Hoto ɗaya launi kawai yake ba ka. Manhajar Materialize, wadda kyauta ce, da Substance 3D Sampler na Adobe, suna iya ƙirƙiro tsayi da nomal da kaushi daga hoton, amma hasashe suke yi: galibi su ɗauki wuri mai duhu a matsayin rami, mai haske a matsayin tudu. A farin gwado wannan na tafiya daidai. A tabarma mai launuka sai jan kaba ya nutse, farin ya taso, alhali duk tsayinsu ɗaya. Maganinsa shi ne ka fitar da tsayin daga wani kwafi da ka rage bambancin launukansa, ko ka ɗauki hotuna da yawa ba tare da motsa waya ba, kana zagaya fitila ta kusurwoyi daban-daban. Sampler na iya haɗa irin waɗannan hotuna ya fitar da nomal ta gaskiya. Aiki ne, amma sau ɗaya ake yi, tabarmar kuma ta zama taka a duk aikin da za ka yi nan gaba.

Kuma don Allah, abin da za ka ɗauka ka saye shi. Idan aro ka yi, ka gaya wa mai saƙar abin da za ka yi da hoton. Ba daidai ba ne a tsaya a rumfar dattijo a ɗauki hoton aikin hannunsa a tafi a ci kuɗi da shi, shi ko sannu bai samu ba. Ka ce, Baba, wannan nake so in saya, zan sa shi a zanen gida a kwamfuta. Sau da yawa ma shi zai nuna maka wanda saƙarsa ta fi tsari.

Hanya ta uku ita ce saƙawa da lissafi. Ba hoto, sai dai ka haɗa akwatunan umarni a Substance 3D Designer, ko Material Maker wadda kyauta ce, ko cikin Blender kanta, ka ce zare kaza a tsaye, kaza a kwance, wannan ya hau ɗaya ya shige ƙarƙashin ɗaya, ko ya hau biyu ya gusa kamar saƙar wandon jins. Amfaninta babba ne. Ba ta da gaɓa tun asali. Taswirar tsayi da ta nomal na gaskiya ne tun da daga siffar zaren aka gina su. Idan mai aiki ya ce, Injiniya, a mayar da koren nan ruwan toka, a ƙara wa ratsin faɗi, minti kaɗan ne. Wanda ke karatun zanen yadi, ko mai tsara kayan otal da zai nuna launi goma na saƙa ɗaya, wannan ce hanyarsa.

Sai dai tana da tsadar koyo, Designer kuma biyansa da kuɗin waje ne. Sannan abin da ta fitar yakan yi tsabta fiye da kima, kowane zare kamar ɗan'uwansa. Don yadin masana'anta hakan daidai ne. Don saƙar hannu sai ka ƙara wahalar sa masa karkata da gashi da bambancin rini, a ƙarshe ka kashe kwanaki kana kwaikwayon abin da sikana za ta ba ka kafin la'asar. Kuma idan a cikin Blender ka gina ta, ba za ta bi ka zuwa Lumion ko SketchUp ba sai ka gasa ta ta zama hotuna.

Wuri ɗaya da hoto ba ya aiki sam shi ne shadda. Furen shadda ba rini ba ne, zaren launi ɗaya ne. Saƙar ce ke juyawa, a wani wuri zaren tsaye ne a sama, a wani na kwance, sai haske ya kama su daban, shi ya sa furen ke bayyana yana ɓacewa idan mai rigar ya motsa. Idan ka ɗauki hoto ka sa a taswirar launi, furen zai daskare, rigar ta koma kamar atamfa. Daidai shi ne launi ya zama kusan ɗaya, ka zana furen baƙi da fari, ka sa shi ya juya kaushi da alkiblar sheƙi. Haka sheƙin yadin baba da ya sha bugu, a taswirar kaushi yake zaune. Atamfa kuwa akasin haka ce: saƙarta mai sauƙi ce, adon bugawa aka yi a kai, don haka za ka iya sauke saƙar auduga ka ɗora zanen a samanta. Ka dai tuna zanen atamfa mallakar kamfanin da ya buga ta ne.

Kowace hanya ka bi, akwai kurakurai da ke kashe aiki, kuma mafi yawa shi ne girma. Idan yankin da ka ɗauka santimita 20 ne, a kan tabarma mai mita 2 sau goma zai maimaitu, ba sau uku ba, ba sau hamsin ba. A SketchUp za ka rubuta faɗi da tsawon tekscha kai-tsaye a wurin gyara ta. A Blender ta akwatin Mapping ake yi, bayan ka tabbata ka warware fuskar abin daidai. Ka sa siffar mutum a ɗakin ka kwatanta da tafin hannunsa, nan take za ka gane idan zaren labulenka ya kai kaurin igiyar guga. Sai alkibla: a yashi ana juya kowane yanki ta ko'ina don ɓoye maimaici, amma saƙa ba ta yarda da haka, zare na da inda ya dosa. Abin da za ka yi shi ne ka ɗora wani babban gauraye mai laushi a kan launin, wani wuri ya ɗan yi duhu, wani ya ɗan koɗe. A Blender kuma kada ka manta ka mayar da taswirar kaushi da ta nomal zuwa Non-Color, wato kada manhaja ta ɗauke su a matsayin launi. Idan ka ga tudu ya koma rami, nomal ɗin ta tsarin DirectX ce, irin ta manhajar Unreal, Blender kuwa ta OpenGL take so, bambancinsu juya koren launi ne kawai. Ɗan Sheen a kan Principled BSDF, akwatin da ake saita kamannin abu a Blender, yana ba auduga laushin gefenta, amma tabarmar kaba ba ta buƙatarsa. Idan kuma saƙa mai ƙananan zare ta fara yin igiyar ruwa daga nesa, zaren ne ya fi fiksel ƙanƙanta, sai ka rage ƙarfin nomal ko ka yi amfani da ƙaramar tekscha a abin da ke nesa.

Tambaya biyu ke yanke hukunci a wurina: ina kyamara za ta tsaya, kuma shin wannan yadin ne ke faɗin ko ɗakin na wane ne? Abin da ke nesa, ko wanda kowane kanti ke da shi, ka sauke 1K ko 2K daga rumbun CC0. Abin da za a canza wa launi da tsari sau da yawa, ko shadda, ka koyi lissafin. Tabarmar da ke gaban kyamara, lurun da ke kan gado, saƙin da aka rataya a bangon zaure, waɗannan ka je kasuwa ka sayo, ka ɗauka da hannunka. Ga mai farawa, gwado fari ko saƙi mai ratsi biyu ya fi sauƙin gwaji, domin ƙirgarsa gajeriya ce kuma manhaja ba ta cika ruɗewa wajen fitar da tsayinsa ba. Tabarma mai launuka ka bar ta sai hannunka ya faɗa. Kowace tekscha ka gama, ka rubuta girmanta na gaskiya a sunan fayil ɗin, misali saƙi 18 sau 18 santimita, don abokin aikin da za ka tura wa kada ya sake hasashe.